Reno da Ginuwar Ƙwaƙwalwar Yaro a Ƙasar Kirikasamma

Ana haihuwar ɗan Adam da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta baligi ba, amma kafin yaro ya cika shekara 3 takan kai kusan kashi 80 cikin 100, kafin ya cika shekara 5 kuma ta kusanci kashi 90, wato mafi yawan ginin yakan auku ne tun yaro yana goye a baya ko yana rarrafe a tsakar gida, tun ba a miƙa masa allo ba balle a kai shi firamare. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda adadinsu a baligi ya kai kimanin biliyan 86, galibinsu an riga an samar da su tun cikin mahaifa, saboda haka abin da ke ƙaruwa bayan haihuwa shi ne mahaɗa, wato wuraren da ƙwaya ɗaya take miƙa saƙo ga wata, tare da wani kitse da ke naɗe zaren jijiyoyin domin saƙo ya riƙa gudu da sauri. Masana a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla mahaɗa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai dai ba dukkansu ke wanzuwa ba, domin ƙwaƙwalwa takan ƙulla fiye da buƙatarta, sannan ta ƙarfafa waɗanda ake amfani da su ta zubar da waɗanda aka bari. Mutumin fadamar Haɗejiya ya san kwatankwacin wannan a rafukan ƙasarsa: hanyar da ruwa ke bi da ƙarfi takan zauna a buɗe har ta ƙara zurfi, wadda ruwa ya rage bi kuwa kachala ce take cinye ta har a manta da ta taɓa zama hanya. Abin da ke gudana a hanyoyin ƙwaƙwalwar jariri shi ne abin da yake gani, da abin da yake ji, da yadda ake taɓa shi, da kuma amsar da yake samu idan ya yi kuka ko ya yi murmushi.

Kirikasamma, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, wuri ne da ya dace a auna wannan batu a cikinsa, domin ta haɗa wadatar ƙasa da ƙarancin abin da ke isa cikin yaro. Tana cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, a cikinta ne dausayin Baturiya yake, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008, kuma mutanenta suna noman shinkafa da alkama da tattasai, suna su, suna kiwo. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, alhali matsakaicin Nijeriya a lokacin kashi 37 ne. Tsumburewa a ma'anar likitoci ita ce gazawar tsawon yaro ga abin da ya dace da shekarunsa sakamakon daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, kuma damuwar da ake yi da ita ba ta tsaya ga gajarta ba, domin yunwar da ta hana ƙashi miƙewa ita ce take hana ƙwaƙwalwa kayan gini. Irin wannan matsala ce ta sa tun kafin binciken aka zaɓi Kirikasamma, tare da Buji da Gagarawa a Jigawa da Anka da Tsafe a Zamfara, domin gwajin Shirin Tallafin Raya Yara da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013 zuwa 2019, wanda ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. A cikin shirin an riƙa ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, tun daga lokacin da aka tabbatar tana da ciki har ɗanta ya cika shekara 2, aka kuma haɗa kuɗin da faɗakarwa ta rediyo, da wa'azin Juma'a, da nunin girki, da zaman mata ƙungiya-ƙungiya. An raba ƙauyuka 210 ta hanyar ƙuri'a domin a iya kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, kuma sakamakon da Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokan aikinsu suka wallafa a 2021 ya nuna raguwar tsumburewa da kashi 8 cikin 100 bayan shekara huɗu. Wani abin lura a sakamakon shi ne mata da yawa sun juya kuɗin zuwa sana'a da sayen dabbobi, dabbobin kuma suka ci gaba da samar wa yara abinci mai gina jiki da kawo kuɗin shiga bayan tallafin ya yanke.

Iyakar da shirin ya ɗauka, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, ita ce abin da ake kira kwana 1,000 na farko, kuma ƙarshenta ya yi daidai da ƙarshen shekara biyu cikakku na shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, abin da ya sa saƙon bai zo wa malamai a matsayin baƙo ba. Inda al'ada da likitanci suka fi saɓawa shi ne farkon shayarwar. A gidaje da dama ana matse dakashi a zubar, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, bisa zaton cewa gurɓatacce ne, alhali shi ne ke ɗauke da garkuwar da jariri ke buƙata kafin jikinsa ya fara samar da tasa. Ana kuma ba jariri ruwa ko dauri tun kwanakin farko bisa hujjar zafin gari, wadda hujja ce mai ƙarfi a idon duk wanda ya san bazarar Haɗejiya, sai dai mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da ake ɗurawa yana cike ɗan cikin jaririn ya rage masa tsotso, yana kuma kawo gudawa, musamman da damina lokacin da ruwan ambaliya kan haɗu da rijiyoyi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata 6. Bayan nan sai matsala ta koma ga abin da ake ƙarawa, domin koko ko kunu tsararo yana cika ciki ba tare da ya kai sinadarin ƙarfe ba, wanda jini ke buƙata domin ɗaukar iska zuwa ƙwaƙwalwa, kuma jijiyoyi ke buƙata wajen naɗa kitsen da aka ambata. Kifi, ko da ƙananan busassu ne aka daka aka zuba a kunu ko fate, yana ba da furotin da kitse mai amfani da sinadarin ƙarfe. Haka ƙwai, da wake, da gyaɗa, da zogale, da hanta. Abin takaicin shi ne a ƙasar masunta tarwaɗa da karfasa masu kyau kasuwar kifi ta Haɗejiya suke nufa, a gida kuma idan nama ko kifi ya shiga miya, rabon yakan fara ne daga kwanon maigida, ɗan wata tara kuwa sai a tsoma masa tuwo a romo. Camfin da ke cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ya yi rauni, amma bai mutu ba. Sinadarin ayodin, wanda rashinsa ga mai ciki ke tauye basirar abin da za ta haifa, an magance mafi yawan matsalarsa tun da Nijeriya ta wajabta sanya shi cikin gishiri a farkon shekarun 1990, muddin gishirin da ake saye na leda ne mai hatimi kuma ana ajiye shi a rufe.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko abinci kaɗai ya isa, kuma amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga birnin Kingston na ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor ta tara yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24, ta raba su kashi huɗu: wasu aka ba su ƙarin madara, wasu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa ziyartar gidansu sa'a ɗaya duk mako tsawon shekara biyu tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu kuma aka bar su da kulawar asibiti kawai. Da farko madara da ziyara kowace ta nuna amfani, amma da yaran suka girma sai amfanin madarar ya dushe, na ziyarar ya wanzu, har binciken da aka wallafa a 2014 ya tarar cewa bayan shekara 20 waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100. Ba daidai ba ne a fahimci wannan a matsayin raina abinci, domin madarar ba ta da yawa, kuma yunwar Kingston ta wancan lokaci ba ita ce yunwar watan Agusta a ƙauyen da ruwa ya cinye gonakinsa ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne akwai wani ɓangare na ginin ƙwaƙwalwa da ba a cika shi da cokali.

Wannan ɓangaren shi ne abin da masana ke kira reno mai amsawa, wato jariri ya yi wani motsi, ko kallo, ko gwaranci, babba ya lura ya mayar masa da murmushi ko magana, jaririn ya sake, a ci gaba da musayar. Edward Tronick ya nuna nauyinta a shekarun 1970 ta hanyar sa uwa ta daskarar da fuskarta na 'yan mintuna a gaban jaririnta, inda aka ga jaririn yana ƙoƙarin jawo hankalinta da murmushi da miƙa hannu, da ya kasa sai ya kau da kai ya shiga kuka, abin da ke nuna cewa ɗan wata uku ma yana jiran amsa kuma yana jin rashinta. A fannin harshe, Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta nuna cewa jariri ɗan wata 6 yana iya bambance sautukan harsunan duniya da dama, amma kafin ya cika shekara kunnensa yakan taƙaita ga sautukan da yake ji a kusa da shi; a wannan tsakanin ne ɗan Bahaushe yake kafa bambancin da ke tsakanin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ, da hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana, watanni kafin ya furta kalmar farko. A gwajinta na 2003 jariran Amurka 'yan wata 9 da suka zauna sau 12 da mai magana da Sinanci sun kama sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa mutumin a bidiyo kuwa ba su kama ba. Wannan yana da hukunci biyu a Kirikasamma. Na farko, gidan da ake Hausa da Manganci, ko Badanci, ko Fulatanci, ba ya rikita yaro, kuma babu dalilin da zai sa uwa ta hana ɗanta harshen iyayenta don tsoron kada ya makara da magana. Na biyu, wayar da aka fara miƙa wa yaro mai kuka domin ya yi shiru tana sa shi shirun, amma ba ta amsa masa, kuma saboda haka ne ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 suka hana kallon allon waya ko talabijin ga wanda bai kai shekara 2 ba, suka iyakance shi ga sa'a ɗaya a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4.

Idan aka auna gidan Bahaushe da wannan ma'auni, za a tarar yana da jarin da ƙasashen da suka gudanar da binciken suke neman farfaɗowa da shi. Jaririn da ke goye yana jin ɗumin uwarsa da bugun zuciyarta da girgizar tafiyarta, kuma ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, wanda likitoci a birnin Bogota suka fara a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai, a yau magani ne da asibitoci ke koyarwa. Jariri a gidan gandu ba ya rasa hannu: kaka, da goggo, da kishiyar uwa, da 'yan mata masu reno duk suna karɓarsa, ana yi masa tawai, ana kiransa da sunayen wasa, ana riƙe hannunsa ana yi masa tatata idan ya fara tsayuwa. Waƙoƙin reno, da gaɗar da 'yan mata ke yi da ƙannensu a baya, da tatsuniyar dare, da kacici-kacici, da karin magana, duk horo ne na kunne da ƙwaƙwalwa, domin maimaici da kari suna taimaka wa yaro ya tsinkayi iyakar kalmomi, tatsuniya kuma tana koya masa riƙe jerin aukuwa da hasashen abin da zai biyo. Yaron da ke ƙera shanu da laka a bakin fadama, ko yake jera ƙwallon goruba, ko yarinyar da ke girkin ƙasa a gwangwani tana goya kara, suna yin ainihin abin da kayan wasan kanti masu tsada suke kwaikwayo, haka nan aiken da ake yi wa ɗan shekara 4 da saƙo biyu ko uku yana horar da riƙe abu a ka.

Giɓin yana wani wuri ne, kuma ya kamata a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Ana yawan magana a gaban jariri, amma ba a cika magana da shi ba, saboda ra'ayin da ya yi kaka-gida cewa bai san komai ba tukuna, har wanda aka ga yana hira da ɗan wata huɗu akan yi masa kallon mai wauta. Goyo kuma, duk da alherinsa, yana sanya fuskar jariri a bayan uwa, ta yadda idan ta wuni tana surfe, ko tana tsinkar tattasai, ko tana saƙar tabarmar kaba, zai iya wuni bai haɗa ido da kowa ba, kuma bai sami damar kifuwa a tabarma ya ɗaga kai ba, wanda ƙa'idojin 2019 suka nemi a ba shi aƙalla minti 30 a rana a rarrabe yana farke. Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba ta Karo a littafin da aka buga a 1954, inda uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na farko kuma ba ta wasa da shi a gaban mutane. Al'adar ta ginu ne a kan tabbacin cewa kaka ko wata babba za ta ɗauki wannan nauyin, kuma inda hakan ya tabbata yaron ba ya asara, domin ƙwaƙwalwa ba ta tambayar wane ne ya amsa. Haɗarin yana tasowa ne inda amarya ƙarama ta tare nesa da danginta, ta riƙe kunyar ba tare da mai maye gurbinta ba. Uba ma, wanda al'ada ta nisanta da jariri har sai ya isa zama a zaure, murya ce ta biyu da ake barin ta a banza. Gyaran duk waɗannan ba ya cin kuɗi: lokacin shayarwa, da wanka, da shafa mai, da ba da kunu, lokuta ne da fuska ke fuskantar fuska, kuma ambaton sunan abin da yaro ya kalla, da maimaita gwarancinsa, da dakatawa a ba shi damar mayarwa, sun wadatar.

Sai dai abin da ba ya cin kuɗi yana cin natsuwa, kuma natsuwa ce fadamar take yawan ƙwacewa. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tsarin hawa da janyewar ruwa ya sauya, kachala ta toshe hanyoyi, wasu gonaki suka bushe wasu suka nutse, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 ta rushe gidaje ta raba iyalai da muhallinsu a masarautar Haɗejiya. Jikin yaron da ke cikin firgici yana fitar da sinadarin kotisol, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ba ya illa idan akwai babban da zai rarrashe shi, amma daɗewarsa ba tare da mai rarrashi ba yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da koyo da danne fushi. Binciken gidajen marayu na Bukares a Romaniya, wanda aka fara a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa yaran da ake ciyarwa amma ba a kula su sun koma baya a basira da harshe, kuma waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa. Uwar da ambaliya ta sa ta kwana uku a makarantar firamare da kayanta a ka, ko mai jegon da baƙin ciki ya rufe bayan haihuwa, wanda ciwo ne da ake magancewa ko da yake sau da yawa akan danganta shi da iska, ba za ta iya amsa murmushin jariri yadda take so ba, don haka taimakon da aka yi mata taimako ne ga ƙwaƙwalwar ɗanta kai tsaye. Haka yaye na dare ɗaya, a shafa maɗaci a kai yaro garin kakarsa, ya fi sauƙi a kansa idan kakar ta riga ta zama fuskar da ya saba da ita, duka da tsawa kuwa suna koya wa ɗan shekara 2 tsoro tun kafin ya iya fahimtar laifinsa.

Cututtuka ma suna da rabonsu. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ruwan kwance ya sa ya yi ƙarfi a yankin, yana shanye jini, idan ya hau ka kuma yakan bar farfaɗiya ko tawayar ji da magana, shi ya sa gidan sauro da maganin rigakafin damina da ake ba 'yan wata 3 zuwa 59 wata-wata, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, suke cikin kayan kare ƙwaƙwalwa. Gidan sauron kuma yana kare barci, wanda jariri sabon haihuwa ke buƙatar sa'a 14 zuwa 17 daga cikinsa a rana. Shawarar jarirai, wato rawayar ido da fata a makon farko, idan ta tsananta tana lalata ƙwaƙwalwa har abada, kuma jiran ranar suna kafin a je asibiti yakan zama jiran da ya yi yawa. Dalma ba ta da adadin da ba ya cutarwa, kamar yadda mutuwar yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ta tunatar, kuma tozalin dutse da ake rambaɗa wa jarirai yakan ƙunshi dalma mai yawa, wadda ke kaiwa baki ta hannun da ya murza ido.

Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018 ya jera lafiya, da abinci, da tsaro, da reno mai amsawa, da damar koyo tun da wuri a matsayin abubuwa biyar da ba sa rabuwa, amma a aikace ukun farko ne suke da ma'aikatu da kasafi, biyun ƙarshe kuwa ba su da mai su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta ambaci kula da yara kafin firamare, sai dai ajin share fage yana karɓar yaro ne bayan mafi yawan ginin ya wuce. Waɗanda suke shiga ɗakin mai jego a Kirikasamma su ne ungozoma, da kaka, da ma'aikaciyar awo da rigakafi, da matan sa-kai irin waɗanda aka horar a zamanin shirin tallafi domin koyar da shayarwa da haɗa kunu, kuma ziyarar da ta sauya rayuwar yaran Kingston ma'aikatan lafiya na unguwa masu matsakaicin karatu irin waɗannan ne suka yi ta, sa'a ɗaya a mako, da gwangwani da tsumma da murfin kwalba.